Kwanar Sajo

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

An sa ranar aikin idon Baba: Litinin, 28 ga wata. Likitan da muka gani a Gwarzo ya ce yanar ta nuna a ido biyun, kuma ko an cire ta, zaman tuƙi cikin ƙyallin ruwa ya ƙare masa. Wato daga Larabar 30 ga wata ni ne mai jirgi. Ni Zayyad mai gyaran waya, da na gudu daga bakin dam tun ina shekara goma sha biyar.

Duk Laraba jirginmu yana kai mutum ashirin da kayansu kasuwar tsallake. Tuƙi ba ya ba ni tsoro, na iya. Abin da ke ƙarƙashi ne. Tsohon ƙauyenmu yana nan kwance tun da aka tare ruwan, bishiyoyinsa a tsaye, matattu. Yanzu da bazara ruwa ya ja baya, kawunansu sun matso har saura taƙi ɗaya su leƙo. Bara wani jirgi ya hau kan kututture, cikinsa ya tsage, Allah ne ya tsare rai. Baba kuwa shekara arba'in bai taɓa ko gogar ɗaya ba.

Hanyar tana cikin kansa. Kwana ashirin da uku gare ni in kwaso ta.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na ɗauko tabulet ɗin nan mai fasasshen gefe da ta daɗe a shago. Baba ya shafa ta ya ce allo ce ke nan, to allo ta zama. Dalhatu, maƙwabcina a layin masu waya, ya zauna muka sauke manhajojin taswira har uku.

Ta farko ta matuƙan teku ce, mai tambarin anga, ƙarfen nan da ake jefawa a ruwa a tsayar da jirgi. Dalhatu ya rantse ita manyan jirage ke amfani da ita, kamar ya taɓa ganin teku.

Ta biyu kyakkyawa ce. Hoton dam ɗinmu daga sama, har gonakin bakin ruwa ana gani. Ka taɓa inda kake, ka taɓa inda za ka, ta ja maka layi ta faɗa maka minti nawa. Har muryar Baturiya gare ta.

Ta uku mummuna ce ƙwarai, ta masu yawon daji. Ba hoto, ba murya. Bin sawunka kawai take da jan zare, in ka so ka dasa alama ka ba ta suna.

Zuciyata tana kan ta biyu. Ɗaya zan riƙe, don allon ba zai ɗauki ukun ba, tun yanzu ya fara nishi.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na gyara wayoyi biyu, na lalata ɗaya. Hankalina yana ruwa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Fitar farko da allo. Mai anga ta nuna wai jirginmu yana tafiya a tsakiyar gona. A wajenta babu dam a Kabo, babu shi a Gwarzo. Na nuna wa fasinja, aka yi ta dariya, wani dattijo ya ce ai gaskiya ta faɗa, gonarsa ce muke takawa.

Baba yana riƙe da inji yana kiran wurare kamar mai gaida maƙwabta. Ɗorawar Jalo, a bar ta hagu. Kukar masallaci, dama. Rijiya. Gawo uku. Ni ban ga komai ba sai ruwa. Da na tambaye shi yadda ya tsara hanyar sai ya ce ba shi ya tsara ba, shanu ne. Burtalin da yake kora garken kakanmu yana yaro, shi muke bi, don burtali ba a barin itace a cikinsa. Shekara talatin da shida ina ɗansa, yau na fara jin wannan. Ko da yake ban taɓa tambaya ba.

Sai kuma kwanar. Bayan gawo uku ruwa a buɗe yake har tsallake, sauran jirage miƙewa suke yi. Baba kuwa sai ya rage inji har ya koma kamar mai raɗa, ya yi wani dogon zagaye ta hagu, sannan ya dawo hanya. Mutane suna kiran wurin Kwanar Sajo, da sunansa. A kan allo abin ya fito kamar cikin tulu. Jirage biyu suka wuce mu muna wannan tafiyar hawainiya. Minti hamsin da biyu muka yi. Kyakkyawar ta ce arba'in da ɗaya ya isa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na goge mai anga. Dalhatu ya ji haushi kamar 'yarsa na saka.

Rana tana kashe hasken allon, kuma yana zafi har ya ɗauke. Na yi masa rumfa da kwali, na sa shi a leda, na naɗe bayansa da jiƙaƙƙen tsumma. Badi'a matata ta ce ko ita ban taɓa yi mata hidima haka ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

Mun fita mu biyu da hantsi, ba fasinja. Alama talatin da ɗaya na dasa a mummunar, kowace da sunan da Baba ya faɗa. Kyakkyawar tana karɓar alama, amma sai ta yi ta ƙoƙarin miƙar da layi tsakaninsu.

Yau na gane yadda yake auna wuri. Abu biyu yake haɗawa a tudu: in ƙarfen sabis ya hau kan gorubar bakin ruwa, to mun zo kukar masallaci. Kafin a kafa ƙarfen, da wani rimi yake aunawa. Amma yanzu ba ya ganinsu. Sai ya ɗaga kai yana ƙifta ido ya ce, "Zayyadu, ya hau?" In ce saura kaɗan. In ce ya hau. Sai ya juya. Ashe tun bara da ƙirgen lokaci da iska yake tuƙa mutane, bai gaya wa kowa ba. Na ji tsoro, na kuma ji tausayinsa har na kasa kallonsa.

Da muka zo kwanar na tambaye shi mene ne a ciki, in rubuta. Itace ne? Katanga? Ya ce haka hanyar take. Na ce ai burtalin ma miƙewa ya yi, shi da bakinsa ya faɗa. Ya ce in kula da gabana.

Laraba, 16 ga Afrilu

Abin kunya. Na manta ban kashe muryar kyakkyawar ba. Baba yana rage inji, jirgi ya yi tsit, sai Baturiya ta kama shela da Turanci wai mun saki hanya, mu koma. Sau uku. Hajiya Uwaliya mai daddawa, wadda ba ta fashin Laraba, ta ce ka ji, har matar cikin allo ta gaji da kwanar nan, ita kam kullum sai 'yan kasuwar garin Durun sun riga ta kama rumfa mai inuwa. Jirgi ya ɗauki dariya.

Baba bai yi ba. Ya ce, "Kashe ta." Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Amma Hajiya ba ƙarya ta yi ba. Fasinja huɗu muka rasa yau, sun bi masu miƙewa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na ari ƙaramin kwalekwale na tafi ni kaɗai, da gora da igiya mai dutse. Na auna cikin kwanar nan tsaf, tsawo da faɗi, wuri ashirin da shida. Gaba huɗu, gaba huɗu da rabi. Ba kututture, ba katanga, ba komai. Ya fi ko'ina a hanyar tsafta.

Gani ya kori ji. Tsufa ne kawai da sabo. Wataƙila wani itace ne da ya ruɓe tun ina goye.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na kasa zama a shago, na kasa zama a gida. Na buɗe wannan, na rufe, na buɗe waccan. Kyakkyawar tana cin caji kuma tana da baki, amma ta san lissafi. Mummunar ba ta da ra'ayi, duk inda ka bi nan ne hanya a wajenta. To meye amfanin manhajar da ba ta fi ni wayo ba?

Badi'a ta ce ruwa ba ya tsami banza, in je Durun in tambayi Gwaggo Asta, yayar Baba, tunda Inna ta rasu ita kaɗai ta rage da ta san tsohon gari. Na ce igiyata ta riga ta ba ni amsa. Ta ce to.

Wannan "to" ɗin nata ya fi zagi ciwo.

Litinin, 21 ga Afrilu

Bari in rubuta yadda aka yi, ba ƙari ba ragi.

Fitar gwaji ce, ni a kan inji, Baba a gaba. Na kashe muryar tun a gida, don na san abin da na shirya. Muka wuce ɗorawar Jalo, kuka, rijiya, duk daidai, har ya ce madalla. Da muka bar gawo uku sai na bi layin kyakkyawar. Na miƙe, na ƙara wuta. Na ce a raina ai ba gani yake ba, in mun isa tsallake in nuna masa minti arba'in da ɗaya, magana ta ƙare.

Ba mu yi rabi ba ya juyo.

"Zayyadu, ta ina muke bi?"

"Ta hanya, Baba."

"Iska ba ta sauya mini kunci ba."

Na ci gaba da miƙewa. Inji yana ta ruri. Sai na ga ya sunkuya ya tsoma hannunsa a ruwa, ya bar shi a ciki, jirgi yana gudu ruwan yana dukan hannun rigarsa. Bakinsa yana motsi. Bai ɗago ba sai da muka fita daga wurin. Sannan ya ce in mai da shi gida.

Arba'in da ɗaya cif, kamar yadda ta faɗa. Ban nuna masa ba.

Na yi amfani da makantar mahaifina na yi masa ƙarya. Ga shi nan na rubuta.

Laraba, 23 ga Afrilu

Shi ya tuƙa, ni ina faɗa masa ya hau, bai hau ba. Ya yi kwanarsa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Abu ɗaya ne: tun Litinin bai ƙara kiran sunana ba. "Kai, riƙe igiya." "Kai, duba mai."

Dalhatu ya sha tsokanata cewa ni kaɗai ne ɗan farin da ubansa Bafulatani ke kiran sunansa gatsau, ba kunya ba kara. Nakan ce Baba ɗan zamani ne. Ban san ina son jin sunan nan ba sai da aka daina.

Saura kwana biyar.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Bayan masallaci na hau babur na tafi Durun. Na tarar da Gwaggo tana ɓarar gyaɗa a zaure. Muka gaisa, ta tambayi Badi'a, ta tambayi yara, ta tambayi idon ƙaninta, ta tambayi zafi. Sai da na sha fura sannan na faɗa mata abin da na yi. Na ɗauka dariya za ta yi, don Gwaggo ba ta raga wa Baba. Sai ta ture faifan gefe.

Ta ce gidanmu ne a wurin. Ba cikin gari ba, can gefe inda ake ɗaure shanu, fili ne fetal, shi ya sa igiyata ba ta taɓa komai ba. Na ce to gida kawai? Kowa ma gidansa yana ƙarƙashi, suna bi ta kai.

Ta daɗe tana kallona.

"Kai ba ka taɓa tambayar kanka me ya sa Sajo yake kiran sunanka ba?"

Na ce a'a.

"Don ba kai ne na fari ba. Akwai Sa'a."

Wata bakwai ta yi a duniya. Ƙyanda ce ta ɗauke ta, shekara ɗaya kafin ruwa ya zo. Jaririya ce, sai aka binne ta a bayan ɗaki. Gwaggo ta ce duk wata bakwai ɗin nan Baba bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunanta ba, don 'yar fari ce, kunya ta hana. Ranar da ta rasu ma bai yi hawaye ba, ya kora shanu ya tafi daji. Haka ake so, haka ya yi, har aka yaba masa. Da aka tashe su, ya sayar da rabonsa na shanu ya sayi kwalekwale, dangi suka ce ya haukace, ina Bafulatani ina ruwa. Inna kuma sai da ta shekara tara kafin ta same ni.

"Tana raye bai iya rungumarta ba," in ji Gwaggo. "To ka bar shi ya zagaye ta."

Na ce don me ba wanda ya gaya mini? Ta ce wa zai faɗa, shi da ba ya iya furta sunan, ko Innarka da ta fi shi kunya? Ta ce ni ma ai ban tambaya ba, igiya na tambaya.

Na dawo a hankali. Sau biyu ina tsayawa a hanya ba dalili.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ina da yaya.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Da safe na durƙusa na gaishe shi, na ce na je Durun. Ya ce ya ji. Na ce a gafarce ni. Sai ya ce in ɗauko allon mu je.

Ni na tuƙa. Daga gawo uku na rage inji, shi yana faɗa mini abin da zan duba a tudu. Wannan ma'aunin bai taɓa ba ni shi ba: tsamiyar tsallake ta rufe farin dutse. Da ta rufe ya ce in kashe gaba ɗaya. Muka tsaya. Ya nuna dama da haɓarsa, ya ce daga nan ba a shiga.

Ya tambaya ko allon yana iya riƙe wuri. Na buɗe kyakkyawar, na dasa alama, nan take ta ja layinta ta tsakiyar wurin, ta ce saura minti goma sha uku. Na rufe ta. Na buɗe mummunar, ga jan zaren duk fitar da muka yi, kwana a kan kwana kamar an ninka rawani, da guda ɗaya miƙaƙƙe da ya keta su, na ranar Litinin. Na share wannan ɗayan. Na dasa alama ta talatin da biyu.

"Me zan rubuta, Baba?"

Ya buɗe baki. Na jira. Wallahi na ɗauka zai faɗa.

"Bar shi haka."

Mummunar ta yarda, ba ta matsa sai an sa suna ba. Kafin mu iso gaɓa na goge kyakkyawar. Ba don komai ba, cajin da take ci ne ya yi yawa.

Har yanzu "kai" ne.

Litinin, 28 ga Afrilu

An yi aikin idon dama, sun ce lafiya lau. Na hagu sai bayan wata guda. Ya fito da bandeji yana tambayar ko na ɗaure jirgi da kyau.

Laraba, 30 ga Afrilu

Mutum goma sha bakwai, buhu shida, akuya biyu, da Hajiya Uwaliya. Na yi bismillah na tayar da inji.

Mummunar ta yi aikinta. Ɗorawar Jalo, kuka, rijiya, ina duba allo ina duba tudu, suna faɗin abu ɗaya. A wajen rijiya na hango kan wani kututture baƙi ƙirin a ƙarƙashin ruwa, bai fi kamu biyu da gefenmu ba, daidai inda Baba ya ce yake. Ban gaya wa kowa ba.

Muna barin gawo uku allon ya yi zafi ya ɗauke. Na manta ban jiƙa tsumman ba. Hajiya ta leƙo ta ga ya yi baƙi, ta ce alhamdulillahi, yau dai ba tsoho ba allo, yaro ya miƙe da mu mu kama inuwa. Wasu suka ce a miƙe, a miƙe.

Na rage inji. Na nemi tsamiya da farin dutse, na karya hagu. Hajiya ta tafa hannu ta ce ashe kwanar ma gadonta ake yi. Na ce mata mai nake tattali.

Da muka zo daidai wurin, kowa yana ta surutunsa, akuya tana kuka. Ni dai ba ubanta ba ne, kunya ba ta hau kaina ba. Ban ɗaga murya ba. Na ce, "Salamu alaikum, Yaya Sa'a. Zayyad ne."

Ban san abin da ya shiga idona ba, ƙyallin ruwan nan da likita yake faɗa ne.

Da la'asar na tarar da Baba a zaure, ido ɗaya a rufe. Na gaishe shi. Ya tambayi ruwa, ya tambayi fasinja, sannan ya ce ta ina muka bi.

"Ta hanya, Baba."

"Minti nawa?"

"Hamsin da huɗu."

Ya jinjina kai. Ya lalubo butarsa, ya miƙe, har ya kai bakin ƙofa.

"Ka faɗaɗa ta da yawa, Zayyadu. Hamsin da biyu ya isa."

Gobe in sami kafinta ya yi wa allon nan rumfar katako. Kwalin ya jiƙe.